Sikeli a Bakin Ƙofar Jirgi: Abin da Ya Sa Ɗaukar Fasinja a Sama Ya Ci Shekara 33 Kafin Ya Zama Sana'a

Ranar 1 ga Janairun 1914, wani ƙaramin jirgin sama mai tashi daga kan ruwa ya bar garin St. Petersburg na jihar Florida a Amurka, ya tsallaka mashigin teku zuwa Tampa cikin minti 23. Tony Jannus ne matuƙi. Fasinja mutum ɗaya ne tak, Abram Pheil, tsohon magajin garin, wanda ya sayi kujerar a gwanjo kan dala 400. Wannan ita ce jigilar fasinja ta farko da jirgi mai fukafukai ya yi bisa tsararren jadawali. Daga ranar kuɗin tikiti ya tsaya a dala 5, amma da sharaɗi: kai da kayanka kada ku wuce laba 200, kimanin kilo 91 ke nan. Abin da ya haura, sai ka ƙara dala 5 kan kowace laba 100. Kamfanin ya ɗauki mutum wajen 1,200 cikin wata huɗu. Da tallafin da garin ya yi alkawari ya ƙare, 'yan hutun hunturu kuma suka koma garuruwansu, sai ya rufe.

Wannan sharaɗi na awo shi ne mabuɗin labarin gaba ɗaya. An fi ba da tarihin jirgin sama a matsayin labarin jarumai masu ƙarfin zuciya, kuma jarumtar gaskiya ce. Sai dai abin da ya tsaida sufurin fasinja tun daga 1903, shekarar da jirgi mai inji ya fara tashi da mutum, har 1936 lissafi ne na kilo. Jirgi yana da iyakar nauyin da zai iya ɗagawa. A cikin wannan nauyi akwai gangar jikinsa, da inji, da mai, da matuƙi. Ragowar ne kaɗai ake sayarwa. Shekara da shekaru ragowar ba ta kai ta biya kuɗin man ba ma.

Kafin a kai ga lissafin kilo, sai da aka warware matsalar da ta riga ta, wato sarrafa jirgin.

Tun 1799 Baturen Ingila George Cayley ya gane cewa dole a raba aiki biyu da tsuntsu yake haɗawa a fiffike ɗaya: abin da zai ɗaga daban, abin da zai tura gaba daban. Bajamushe Otto Lilienthal ya yi shawagi kusan sau 2,000 tsakanin 1891 da 1896 da jirgi maras inji, yana durowa daga kan tudu. Yadda yake juya jirgin shi ne ya wurga ƙafafunsa da gangar jikinsa hagu ko dama, gaba ko baya. Wannan dabara tana da iyaka a fili, domin nauyin mutum ba ya ƙaruwa idan fiffike ya ƙara girma. Ranar 9 ga Agustan 1896 hancin jirginsa ya ɗaga fiye da kima, iskar da ke bin saman fiffike ta sake shi, ya faɗo daga kimanin mita 15. Washegari ya rasu. Abin da ya kashe shi har yau shi ne abin da ake fara koya wa ɗalibin tuƙi ya kiyaya: fiffike yana ɗagawa ne muddin iska tana bin bayansa sumul, idan kusurwarsa da iskar ta wuce wajen digiri 15 sai iskar ta watse, ɗagawar ta ɓace nan take.

Samuel Langley, shugaban cibiyar kimiyya ta Smithsonian a Amurka, ya ɗauka ƙarfin inji ne maganin komai. Ma'aikatar yaƙin Amurka ta ba shi dala 50,000. Injinsa mai ƙarfin doki 52 ya fi na kowa a lokacin. Sau biyu ana harba jirgin daga saman wani kwale-kwale, ranar 7 ga Oktoba da ranar 8 ga Disambar 1903, sau biyu yana afkawa kogin Potomac. Gangar jikin ba ta da ƙwarin jure harbawar, kuma ko da ya tashi, matuƙin ba shi da hanyar kirki ta miƙe shi idan ya karkata.

Wilbur da Orville Wright masu shagon kekuna ne a Dayton ta jihar Ohio, kuma sana'ar ta yi musu rana. Mai keke ya san abin hawan da ba ya tsayuwa da kansa ba matsala ba ne muddin mahayi yana da abin gyara shi a hannu, ya kuma san ba a shan kwana sai an kwanta. Saboda haka suka nemi hanyar kwantar da jirgi da gangan. Suka ɗaura wayoyi da ke murɗa bakin fukafukai, na dama ya ƙara kusurwa na hagu ya rage, ɓangare ɗaya ya ɗaga ɗaya ya sauka. Matuƙi yana kwance rub da ciki, ƙugunsa cikin wani katako mai zamewa, idan ya tura ƙugu gefe sai wayoyin su ja.

Jirginsu maras inji na 1901 ya ba su kunya. Ɗagawar da ya samar ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da lissafi ya nuna ba. A nan suka yi abin da ya bambanta su da sauran: suka daina yarda da alƙaluman da ke cikin littattafai. Suka haɗa akwatin katako mai tsawon ƙafa 6, suka sa fanka a bakinsa, suka ƙera 'yan ma'aunai da ƙarfen zarto da sifokin keke, suka gwada siffofin fiffike wajen 200. Sun gano wata lamba da masana suka gada sama da shekara ɗari, 0.005, ta yi yawa, daidai ɗinta ya fi kusa da 0.0033. Sun kuma gano dogon fiffike siriri ya fi gajere mai faɗi. Jirgin 1902 da suka gina kan waɗannan alƙaluma ya yi shawagi ɗaruruwa a Kitty Hawk, amma akwai wata cuta da ta biyo shi tun daga jirgin 1901. Idan aka murɗa fiffike don ɗaga ɓangaren dama a juya hagu, wannan ɓangaren da ya ƙara ɗagawa yana ƙara jan iska, sai hancin ya karkata dama, kishiyar inda ake so. Jirgin ya yi ta juyawa yana caka fiffike a yashi. Maganin shi ne faifan jela mai motsi wanda ke tura hanci inda ake nufa a daidai lokacin da ake murɗa fiffike. Da wannan aka cika hanyoyi uku na sarrafa jirgi: ɗaga hanci da sunkuyar da shi, kwanciya hagu ko dama, da juya hanci. Duk jirgin da ke tashi daga Kano yau da waɗannan uku yake tafiya, illa an maye murɗa fiffike da ƙananan faya-fayai a gefensa na baya.

Injin kuwa bakanikensu Charlie Taylor ne ya ƙera shi cikin mako shida: silinda 4, ƙarfin doki 12, nauyi kimanin kilo 82. Farfela biyu ce, kowace mai tsawon ƙafa 8 da rabi, sarƙa ke juya su kamar ta keke, an gitta ɗaya sarƙar don su juya saɓanin juna kada su murɗe jirgin. Sun ɗauki farfela a matsayin fiffike mai juyawa, suka lissafa siffarta daga alƙaluman akwatinsu, har ta riƙa mayar da kusan kashi 75 cikin ɗari na ƙarfin injin zuwa turi. Ba don haka ba doki 12 bai isa komai ba. Ranar 17 ga Disambar 1903 Orville ya yi daƙiƙa 12 a sama, ya ci mita 37. Tashi na huɗu a ranar, Wilbur ya yi daƙiƙa 59, mita 260. Jirgin ba kowa a ciki kilo 274 ne. Duk abin da suka kashe a kansa bai kai dala 1,000 ba.

A raba kilo 82 gida 12: kusan kilo 7 na ƙarfe kan kowane ƙarfin doki guda. Jirgin da injinsa yake haka da kyar yake ɗaukar matuƙinsa. Sai ranar 14 ga Mayun 1908 suka iya ɗaukar mutum na biyu, wani bakanike Charles Furnas. Wata huɗu bayan nan, ranar 17 ga Satumba, a sansanin Fort Myer, farfela ɗaya ta tsage a sama ta daki wayar da ke riƙe da jela, jirgin ya yi ƙasa da kai. Orville ya karye a ƙafa da haƙarƙari. Fasinjansa, Laftanar Thomas Selfridge, ya zama mutum na farko da haɗarin jirgi mai inji ya kashe.

Faransawa sun yi fice wajen rage nauyin inji. Injin Gnome na wajen 1909 yana ba da doki 50 a nauyin kilo 75, kilo ɗaya da rabi ke nan kan kowane doki. Dabararsa abin mamaki ce: sandar tsakiya tana tsaye cik, silindojin ne ke juyawa tare da farfela, suna shan iska suna hucewa, babu lagireto babu ruwa. Farashin wannan sauƙi shi ne shan mai ba ƙaƙƙautawa, ga man zurma da ake sa masa maimakon baƙin mai, wanda yake fesowa a fuskar matuƙi. Injin yaƙi ne da wasanni, ba na kasuwa ba. A shekarar ne Louis Blériot ya tsallaka tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila, ranar 25 ga Yuli, cikin minti 36 da rabi, da injin Anzani mai doki 25, ya karɓi kyautar fam 1,000 ta jaridar Daily Mail. Shi kaɗai ne a ciki, ko kamfas bai ɗauka ba.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, a waɗannan shekarun masu ɗaukar fasinja da gaske ba masu fukafukai ba ne. Kamfanin DELAG na Jamus, wanda aka kafa a Nuwambar 1909, ya ɗauki mutum sama da 30,000 a manyan balan-balan na Zeppelin kafin yaƙin 1914, ba tare da fasinja ko ɗaya ya mutu ba. Balan-balan ba ya sayen ɗagawa da ƙarfin inji, iskar haidirojin ce ke riƙe shi, don haka ya tsere wa lissafin kilo. Ya ci gaba da zama abin hawan masu hannu da shuni a doguwar tafiya har ranar 6 ga Mayun 1937, da babban balan-balan Hindenburg ya kama da wuta a Lakehurst ta Amurka, mutum 35 cikin 97 da ke ciki suka mutu, da wani guda a ƙasa.

Yaƙin duniya na farko ya bar dubban jirage da matuƙa ba aikin yi, ana sayar da su a wulaƙance. A 1919 kamfanoni suka ɓullo ko'ina. Jamusawa suka buɗe layin Berlin zuwa Weimar a Fabrairu. Ranar 25 ga Agusta kamfanin Aircraft Transport and Travel ya fara zirga-zirgar kullum tsakanin Landan da Paris, tafiyar kimanin awa biyu da rabi, tikiti fam 21. A Oktoba aka kafa KLM a Holan. Jiragen galibi masu jefa bama-bamai ne aka cire bindiga aka kafa kujeru biyu ko huɗu.

Arhar jirgin ta zama tarko. Jirgin yaƙi an gina shi ne don ya haura da sauri, ba wanda ya damu da man da zai sha ko sa'o'in da injin zai yi kafin a sauke shi. Ɗauki jirgi mai kujera 4 da ke cin kilomita 160 a awa. Ko da kullum a cike yake, kuɗin mutum huɗu ne zai biya matuƙi, da makanikai, da mai, da inshora, da filin sauka, da kuɗin wani jirgin da zai maye wanda ya faɗi. A lokacin sanyi kuwa hazo kan hana tashi kwana da kwanaki, albashi yana tafiya. Faransa ta ga haka ta zuba wa kamfanoninta tallafi suka karya farashi. A Ingila Winston Churchill, yana ministan harkokin sama, ya ce sufurin sama na farar hula sai dai ya tashi da kansa, gwamnati ba za ta riƙe shi ba. Kafin ƙarshen Fabrairun 1921 babu kamfanin Ingila ko ɗaya da ke tashi. Cikin 'yan makonni gwamnati ta lashe amanta ta ba da tallafi, a 1924 kuma ta haɗe kamfanoni huɗu suka zama Imperial Airways, da alkawarin fam miliyan 1 cikin shekara goma.

Wasiƙa ce ta ciyar da wannan sana'a tana jaririya, kuma dalilin ma kilo ne. Wasiƙa ba ta buƙatar kujera, ko taga, ko abin ɗumama ɗaki, ba ta amai, kuma kuɗin da take kawowa kan kowane kilo ya ninka na mutum. A Amurka dokar Kelly ta 1925 ta miƙa jigilar wasiƙu ga 'yan kasuwa, gyaran da aka yi mata a 1926 ya ba da damar biyan har dala 3 kan kowace laba. Mutum da jakarsa, laba 200, ya tare gurbin wasiƙun da za su iya kawo dala 600. Tikitin Chicago zuwa San Francisco a 1927 dala 200 ne. Kowa ya yi lissafin ya ga wanda za a sauke idan buhunan gidan waya suka yi yawa. Har ta kai wasu kamfanoni suna aika wa kansu kaya masu nauyi ta gidan waya, domin abin da gwamnati ke biyansu ya fi kuɗin kan sarki. Dokar 1930 ce ta sauya tsarin, aka koma biya bisa girman gurbin da jirgi ya tanada, ko an cika shi ko ba a cika ba. Nan take sayen babban jirgi ya zama riba, gurbin da wasiƙa ba ta cika ba kuwa a sa kujeru.

A daidai lokacin injin ma ya sauya. Injin Liberty na zamanin yaƙi yana ba da doki 400 a nauyin kilo 380 da ɗoriya, ban da lagireto da ruwa da bututai, waɗanda kowannensu kan iya yoyo a saman dutse. Injin Wasp na kamfanin Pratt & Whitney, mai silinda 9 a jere kamar tauraro, iska ke sanyaya shi, yana ba da doki 410 a kilo 295. Ƙasa da kilo ɗaya ke nan kan kowane doki, kusan kashi ɗaya cikin goma na inda Taylor ya fara. Nauyin da aka rage ne ya ba jirgin Boeing 40A damar ɗaukar fasinja biyu a bayan buhunan wasiƙa a 1927. Tsallaka Atilantika da Charles Lindbergh ya yi a Mayun shekarar, awa 33 da rabi daga New York zuwa Paris, ta tabbatar wa jama'a cewa irin wannan inji ba ya mutuwa a hanya. Ta kuma nuna iyakar abin, ga mai lura: galan 450 na fetur ya ɗauka, sama da kilo 1,200, fiye da rabin nauyin jirgin gaba ɗaya. Ko rediyo bai ɗauka ba. Nisa da kaya a kwano ɗaya suke ci.

Sai matsalar gane hanya. Matuƙan farko da ido suke tafiya, suna bin layin dogo, da koguna, da tituna. Ranar 7 ga Afrilun 1922, a arewacin Faransa, jirgin fasinja da ya taso daga Landan da wanda ya taso daga Paris suna bin hanya ɗaya a ƙasa-ƙasa cikin hazo, kowane matuƙi ya leƙa yana kallon ƙasa, suka yi taho-mu-gama. Mutum bakwai suka mutu. Bayan nan aka kafa dokar kowa ya riƙe damansa idan yana bin alama. A hamadar da ke tsakanin Amman da Bagadaza babu abin bi ko kaɗan, sai sojojin saman Ingila suka ja garma a farkon shekarun 1920 suka yi kunya guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita don matuƙa su gani daga sama. Amurkawa suka kafa fitilu masu juyawa a kan hasumiyoyi, kusan kowane mil 10, don tafiyar dare.

Duk wannan ba ya amfani cikin gajimare, kuma dalilin yana cikin kunnen ɗan Adam. Ruwan da ke can cikin kunne yana jin farkon juyi ne kawai. Idan jirgi ya kwanta a hankali ya daɗe a haka, ruwan ya lafa, sai matuƙi ya rantse a miƙe yake. Yana ganin allurar tsawo tana sauka, ya ja sanda don ya ɗaga hanci, jan kuwa sai ya ƙara matse juyin, jirgin ya yi ta kewayawa har ƙasa. Ƙwarewa ba ta magance wannan. Na'ura ce ta magance shi, wadda ke da ƙaramin faifai mai juyawa da tsananin gudu, wanda ke riƙe matsayinsa duk yadda jirgi ya karkata. Ranar 24 ga Satumbar 1929 matuƙin Amurka Jimmy Doolittle ya tashi, ya zagaya, ya sauka a filin Mitchel na New York yana lulluɓe ba ya ganin waje, da irin wannan na'ura ta kamfanin Sperry, da ma'aunin tsawo na kamfanin Kollsman, da siginar rediyo. Kamfanin da ba ya iya tashi cikin gajimare ba shi da jadawali, wanda ba shi da jadawali kuwa ba zai ƙwace fasinja daga jirgin ƙasa ba.

Shi kansa fasinjan yana shan wuya. Jirage suna tafiya ƙasa-ƙasa inda iska ta fi tangal-tangal, ƙarar inji sai an toshe kunne da auduga, ga warin mai. Ba banza ba ne mata takwas na farko da Boeing Air Transport ya ɗauka su kula da fasinja a Mayun 1930, ƙarƙashin Ellen Church, duk ma'aikatan jinya ne.

Ƙarshen katako ya zo ranar 31 ga Maris 1931, da fiffiken wani jirgin Fokker F-10 na kamfanin TWA ya ɓalle a saman jihar Kansas, mutum takwas suka mutu, cikinsu har da shahararren kocin ƙwallon Amurka Knute Rockne. Bincike ya nuna laima ta shiga cikin fiffiken ta raunana gam ɗin da ke riƙe da katakan. Mugun abin shi ne ba a ganin wannan ruɓa daga waje, sai an ɓare fatar fiffike. Hukuma ta tilasta irin wannan bincike a kai a kai, tsadarsa ta kori jiragen katako daga manyan layukan Amurka. Bajamushe Hugo Junkers ya riga ya nuna hanya tun 1919 da jirginsa F 13, na ƙarfe zalla mai fasinja huɗu a rufaffen ɗaki, amma fatarsa mai gurza-gurza kamar kwanon rufi tana jan iska.

Jan iska shi ne maƙiyi na biyu bayan nauyi. Idan aka ninka gudu biyu, turjiyar iska tana ninkuwa huɗu, ƙarfin injin da ake bukata kuma takwas. Jirgi mai fiffike biyu sama da ƙasa, da sanduna da wayoyi a tsakani, da tayoyi a rataye, ba zai taɓa yin gudu da arha ba. Abin da injiniyoyi suka haɗa tsakanin 1928 da 1935 abubuwa ne da kowannensu ƙarami ne shi kaɗai. Fiffike ɗaya wanda fatarsa ta alminiyum ke ɗaukar nauyi, ba waya a waje. Murfin da ke lulluɓe inji mai tauraro, wanda hukumar binciken sama ta Amurka ta fitar, yana rage turjiya kuma yana sanyaya silinda. Tayoyi masu naɗewa. Farfela mai sauya kusurwa, wadda ke aiki kamar giyar mota, ƙaramar giya wajen tashi, babba a sama. Sai faya-fayan bayan fiffike da ake saukewa wajen sauka, don jirgi mai gudu ya iya rage gudu ba tare da iska ta sake shi ba.

Boeing 247 na 1933 ya haɗa yawancinsu, amma kujera 10 kawai gare shi, kuma kamfanin United ya kama guda 60 na farko. TWA ya nemi wani maƙerin, da sharaɗi mai tsauri: jirgin ya iya tashi da cikakken kaya daga kowane fili a layinsa ko da inji ɗaya ya mutu. Kamfanin Douglas ya amsa da DC-1, sannan DC-2 mai kujera 14, wanda na KLM ya zo na biyu a tseren Ingila zuwa Melbourne na 1934 yana ɗauke da fasinja da wasiƙu. Aka faɗaɗa cikinsa ya zama DC-3, wanda ya fara tashi ranar 17 ga Disambar 1935, ya shiga aiki da American Airlines a Yunin 1936. Kujera 21, gudun kimanin kilomita 300 a awa. A ninka: 21 sau 300 ya ba da 6,300, a gwada da 4 sau 160, wato 640, na jirgin Landan zuwa Paris a 1919. Abin sayarwa ya ninka kusan goma a kowace awa, kuɗin gudanarwa bai yi kusa da ninkuwa haka ba. Shugaban American Airlines, C. R. Smith, ya bayyana shi a matsayin jirgin farko da zai iya kawo riba da fasinja kaɗai ba sai da wasiƙa ba.

Ƙasar Hausa ta shiga wannan labari ta ƙofar gabas. A ƙarshen Oktoban 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na sojojin saman Ingila suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira ƙarƙashin Arthur Coningham, suka biyo ta Sudan da Chadi da Maiduguri, suka sauka a filin sukuwa na Kano ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarkin Kano Usman. Sai bayan shekara goma, a Fabrairun 1936, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, Imperial Airways ya buɗe layin mako-mako daga Khartoum zuwa Kano da jirgin DH.86 mai ƙananan injuna huɗu, kowane doki 200. A Oktoba aka miƙa layin zuwa Legas. Nan ma da wasiƙa aka fara. Fasinja ya biyo baya, domin hukumomin lafiya suna tsoron jirgi ya kwashi sauron shawara daga yamma ya kai gabas.

Tsakanin Khartoum da Kano kimanin kilomita 2,600 ne a miƙe, tankin DH.86 ba zai ci ko rabinsa ba yana ɗauke da kaya. Saboda haka layin ya zama zango-zango: El Obeid, El Fasher, El Geneina, Abeche, Ati, Fort Lamy wadda ita ce Njamena ta yau, Maiduguri, sannan Kano. Duk wanda ya san labarin alhazan ƙafa zai gane sunayen nan, hanyar Borno da Wadai da Darfur da Kordofan ce da mutanenmu suka yi ta bi shekaru aru-aru zuwa Makka, jirgin ya bi ta ne a juye. Kowane zango sai an kai masa fetur a gwangwani ta ƙasa tun kafin jirgi ya iso, a share fili, a yi fatan damina ba ta mai da shi taɓo ba. Ga zafi, wanda ke cin kilo kai tsaye. Kano tana kimanin mita 470 sama da teku, idan zafin watan Afrilu ya kai digiri 40 iskar tana raguwa kauri da kusan kashi 13 cikin ɗari idan aka gwada da ta bakin teku mai sanyi. Fiffike ya rage ɗagawa, farfela ta rage cizo, inji ya rage ƙarfi, duk a lokaci guda. Dole a tashi da sassafe, ko a rage mai, ko a rage kaya. Da hunturu kuma ƙura ta rufe alamun ƙasa da matuƙi ke bi.

Girman tanki ne kuma ya ɗaukaka Kano bayan yaƙin duniya na biyu. Jiragen kamfanonin BOAC da KLM da Sabena masu zuwa Legas, da Kwango, da Afirka ta Kudu suna tsallako Sahara ne daga bakin Bahar Rum, kuma daga Tarabulus zuwa Kano kaɗai ya haura kilomita 2,300 ba wurin shan mai. Kano ce babban fili na farko a kudancin hamada, jirgi mai farfela kuwa yana isowa da tanki ya yi ƙasa, dole ya sauka ko yana da fasinjan Kano ko ba shi da shi. Da jirage masu injin jet da dogon zango suka yawaita daga shekarun 1960, waɗanda ke iya tashi daga Turai su dire Legas ko Kinshasa kai tsaye, kamfanoni suka fara cire wannan tsayawa ɗaya bayan ɗaya, sai wanda yake da kaya ko fasinjan da zai sauke.